Finafinan su Superman da Batman: zurfi ne da gaske ko kwalliya ce? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne kusan kullum sai sun dawo duk sanda aka tada zancen Marvel da DC, kamfanoni biyu masu jaruman komik (su Spider-Man na Marvel ne, su Superman da Batman na DC), musamman in wani ya ce Batman v Superman fim ne na masu tunani wani kuma ya ce ina, hayaniya ce kawai da duhu. Na tattara su wuri guda, masu sauƙi a farko. Akwai tona labari sosai a ciki, wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu.

Wai menene ma asalin abin da ake musu a kai?

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Na farko buri, wato darakta ya ce shi fa ba fim ɗin naushi da tashi sama kawai zai yi ba, magana zai yi a kan iko da tsoro da mutuwa da siyasa, sai ya sa kiɗa mai nauyi, ya rage haske, ya hana kowa dariya. Na biyu shi ne ko fim ɗin ya iya ɗaukar kayan da ya ɗora wa kansa. Buri tun a tirela zaka gan shi, minti biyu ya isa. Zurfi kuwa sai an gama an tashi sannan zaka san akwai ko babu.

Ma'aunin da nake amfani da shi, kuma zaka ga ina ta komawa kansa a ƙasa, shi ne wannan: babbar tambayar da fim ya ɗauko, ta canza wani abu a labarin? Ta jawo wa akta asarar da ba ta dawowa? In zaka iya cire tambayar ɗungurungum amma faɗan ƙarshe ya zauna yadda yake, bos ya mutu yadda ya mutu, to rataya ta aka yi don ado.

Me yasa kullum sunan Zack Snyder ne ke fitowa a zancen?

Sabida shi ne misalin da ya fi fitowa fili, kuma magoya bayansa sun fi na kowa zafi. Mutumin ya yi karatun zane kafin ya shiga harkar fim, ya daɗe yana tallace-tallacen talabijin, kuma ido gare shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, duk inda ka tsayar da fim ɗinsa hoton ya isa a kafa a bango. Warner Bros suka damƙa masa Superman ya yi Man of Steel a 2013, ya biyo da Batman v Superman a 2016, sai Justice League da ya bari a 2017 bayan rasuwar 'yarsa. A dukkansu ya fito ƙarara cewa yana so a ɗauki masu alkyabbar nan, wato su Superman, da muhimmanci kamar jaruman tsoffin almarar Girka. Burin ba laifi bane ko kaɗan. Rigimar a kan ko rubutun ya kai inda hoton ya kai ne.

To ai Batman v Superman ya ɗauko manyan tambayoyi, ina matsalar take?

Ya ɗauko kam, kuma farkonsa yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi a irin finafinan nan. An dawo da kai faɗan Superman da bos ɗinsa Zod na ƙarshen Man of Steel amma wannan karon daga ƙasa kake kallo, Bruce Wayne, wato Batman, yana gudu cikin ƙura, bene na zubowa, ma'aikacinsa ƙarfe ya danne masa ƙafafu, ya rungumi wata yarinya ya tambaye ta ina mamanta ta nuna ginin da ya rushe. Nan take ka gane me yasa mutumin nan ya tsani Superman. Daga baya har yake cewa in akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari cewa Superman abokin gaba ne to dole a ɗauke shi tabbas, wanda kusan irin maganar da aka jingina wa Dick Cheney, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, ce bayan harin 11 ga Satumba. Lex Luthor, bos ɗin fim ɗin, shi ma ya jefo tsohuwar muhawarar masana falsafa ta yadda cikakken iko da cikakken alheri za su haɗu alhali ana zalunci a duniya. Kaya dai an zuba.

Sai aka zo wurin biya. Fim ɗin ya kwashe sama da awa guda yana gina zaman majalisar dattawan Amurka, Sanata Finch ta gayyaci Superman ya zo ya amsa wa jama'a wa ya ba shi izinin shiga ƙasashen mutane yana yanke hukunci. Ya sauko, ya shiga zauren a ƙafa, ya tsaya gaban makirfo, kowa ya yi tsit. Kafin ya furta kalma ɗaya bam ya tashi. Kamar mutum ne ya naɗo ƙaton rawani ya zauna gaban majalisa, ana jefo masa mas'ala ya duba agogo ya ce a tashi lokaci ya yi. Daga nan tambayar bata sake dawowa ba har aka gama.

Kuma ka lura faɗan da aka sa wa fim ɗin suna ma ba saɓanin ra'ayi ne ya kawo shi ba a ɓangaren Superman, Lex ne ya sace masa uwa ya ce ka kashe Batman ko a ƙone ta. Bayan nan kuma aka fito da dodo Doomsday kowa ya haɗu a kansa. Cire majalisa, cire falsafar Lex, rabin awar ƙarshe ba abin da zai canza. Abin da na faɗa a amsar farko kenan.

Maganar "Martha" fa? Wasu sun ce mutane ne basu gane ba.

An gane, wallahi an gane. Manufar ita ce Batman ya ɗauki Superman a matsayin wata halitta da ba mutum ba, yana shirin soke shi da mashi sai Superman ya ambaci Martha, sunan uwarsa, wanda kuma shi ne sunan uwar Batman da aka kashe a gabansa yana yaro, ya fahimci wannan ma ɗan wata ne, kuma shi yanzu ya zama irin mutumin da ya kashe masa iyaye. A takarda tunani ne mai kyau. Matsalar ginin ce. Wane ɗa ne ana take masa wuya zai kira uwarsa da sunanta na yanka? Marubuta ne suka cusa masa sunan a baki don sin ɗin ya yi aiki, shi yasa kunne ya ƙi karɓa. Sannan tsanar da aka gina ta wata goma sha takwas a labarin ta narke cikin minti biyu, ba a jima ba Batman yana gaya wa tsohuwar cewa shi abokin ɗanta ne. Mutanen da suka mutu a benen can na farko kuwa ba wanda ya sake tuna su.

Alamomin addini da ke cike da Man of Steel ba zurfi bane?

Suna da yawa. Clark, wato Superman, yana da shekara 33, ya shiga coci neman shawara an saita kyamara yadda hoton Annabi Isa (AS) irin wanda Kiristoci ke zanawa a gilashin taga ya fito daidai bayan kansa, ya fito daga jirgin sama jannati ya ware hannuwa a siffar gicciye. Har kamfanin ya tallata fim ɗin ga fastoci a Amurka da rubutun da za su iya wa'azi da shi. Amma nuna alama daban, faɗin wani abu da ita daban. Me kamantawar ta ƙara maka a kan Clark? Wanda aka kamanta shi da shi an san shi da tausayin talaka da mara lafiya, shi kuwa wannan ya gama faɗa rabin birnin Metropolis a ƙasa bamu ga ya ɗaga bulo ɗaya daga kan kowa ba.

Hatta karya wuyan Zod, wanda shi ne wuri mafi nauyi a fim ɗin, ya yi ihu ya durƙusa, sai sin na gaba yana jefar da jirgin leƙen asirin soja wata sojar tana cewa ya haɗu. Ba a bar abin ya zauna ba ko na minti biyar. Af, waɗanda suka ƙirƙiri Superman da ya fara fitowa a 1938, Jerry Siegel da Joe Shuster, Yahudawa ne 'ya'yan baƙin haure, kuma labarin jaririn da iyaye suka saka a ɗan jirgi suka tura don ya tsira ya fi kama da ƙissar Annabi Musa (AS). Labarin baƙo a ƙasar da ba tasa ba yana nan a jikin Superman tun asali, ba sai an ɗora masa gilashin coci ba.

Kenan duhu da rashin dariya ba su ne zurfi ba?

A'a. Launi ne kawai. Bayan 2008 kamfanoni suka ɗauka sirrin The Dark Knight shi ne ɗaure fuska, suka yi ta kwaikwayon fuskar suka bar abin da ke ƙarƙashi. Fim yana iya zama da rana tsaka da barkwanci ya taɓa ka har ƙashi, duba amsar Spider-Man 2 can ƙasa.

To shi The Dark Knight ɗin me ya bambanta shi?

A nan tambayoyin su ne labarin da kansa. Joker ɗin Heath Ledger yana da da'awa guda, cewa mutanen kirki in aka matse su za su cinye junansu, kuma Christopher Nolan bai bar ta a baki ba ya gwada ta a gabanka. Jiragen ruwa biyu, ɗaya farar hula ɗaya fursunoni, kowanne an ba shi makunnin bam ɗin ɗayan, zuwa sha biyun dare. Farar hular nan masu mutunci suka kaɗa ƙuri'a mafi yawa suka ce a tayar, sai aka rasa mai danna wa, a can kuma wani ƙaton fursuna ya karɓi makunnin ya wurga ta taga. Rachel, wadda Batman ke so, ta mutu kuma bata dawo ba. Harvey Dent, lauyan gwamnatin da garin ya ɗora wa buri, ya lalace. A ƙarshe Batman ya ci nasara ne da ƙarya, ya ɗauki laifin kisan da Dent ya yi don kar garin ya karaya, 'yan sanda suka bi shi da karnuka. Cire tambayar ka ga ko akwai sauran fim.

Ba wai bashi da zamba bane. Na'urar da Batman ya haɗa yana sauraron wayar kowa a gari, Lucius Fox, mai haɗa masa kayan aiki, ya ce wannan iko ya yi wa mutum ɗaya yawa zai ajiye aiki, amma dai an yi amfani da ita, ta kama Joker, sannan aka lalata ta kowa ya wanke hannu. Wato an ci moriyar abin an kuma yi tir da shi. Duk da haka Ledger ya samu Oscar bayan rasuwarsa, fim ɗin ya haura dala biliyan 1, kuma ana yawan danganta faɗaɗa jerin gwarzon fim na Oscar zuwa 10 a 2009 da surutun da aka yi na ƙin saka shi.

Snyder Cut mai awa huɗu bai wanke Snyder ba?

Ya wanke shi ta wani ɓangare. Justice League ɗin da aka saki a sinima a Nuwamba 2017, wanda Joss Whedon ya ƙarasa, an datse shi zuwa minti 120, an liƙa barkwanci, ga leɓen Henry Cavill, mai fitowa a Superman, da aka goge wa gashin baki da kwamfuta ya koma wani iri. Magoya baya suka yi shekaru suna matsa lamba har HBO Max ta saki nasa a 18 ga Maris 2021, minti 242, an ce an ƙara kashe wajen dala miliyan 70. Ya fi na farko nesa ba kusa ba, kuma dalilin mutum ɗaya ne, Cyborg. Yaron da ke fushi da ubansa don ya ceci ransa ta hanyar mayar da shi inji, uban da bai zo kallon ƙwallonsa ba, sannan sin ɗin da ya leƙa rayuwar wata mata mai aikin gidan abinci da aka kora daga haya ya ƙara mata kuɗi a asusu ba tare da ta san shi ba. Wannan zurfi ne na gaske, kuma ka lura ƙaramin abu ne, uba da ɗa, ba gumaka ba.

Amma tsawo ba hujja bace. A cikin awa huɗun nan akwai matan ƙauye suna rera waƙa Aquaman na shiga ruwa ɗaya tana shinshinar rigarsa, akwai Flash yana ciro tsiran alade daga iska a silo, wato an rage gudun hoton, kusan komai a silo har abin da bai kai a tsaya masa ba, in kowane motsi aka ba shi nauyin mutuwar sarki to ba wanda ya rage da nauyi. Labarin kuma har yanzu akwatuna uku ne da bos ke tarawa. Mutuwar Superman da aka yi wa jana'iza biyu a fim ɗin baya, tun kafin a rufe wancan ƙasa ta fara motsi a kan akwatin gawar, kaga asarar ma aro ce.

Joker na 2019 fa, ai har kyaututtuka ya ci?

Ya ci manya ma, babbar kyautar bikin finafinai na Venice, an saka shi a rukuni 11 a Oscar, Joaquin Phoenix ya ɗauki gwarzon jarumi, kuma ya haura dala biliyan 1 da ƙaramin jari. A nan ne ra'ayi ya fi rabuwa, ni kuma ina tsakiya amma na fi karkata ga masu cewa wasan Phoenix da kiɗan ne suka ɗauki fim ɗin a ka. Todd Phillips ya ari rigar finafinan Martin Scorsese guda biyu, Taxi Driver da The King of Comedy, har Robert De Niro ya ɗauko don kar ka kasa ganewa. Akwai wuri ɗaya da ya taɓa gaskiya, inda ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ke gaya wa Arthur, wanda zai zama Joker, an yanke kuɗin ofishinsu, ya tambaya to a ina zai riƙa samun maganinsa. Amma bayan nan fim ɗin ya taɓa talauci, ya taɓa taɓin hankali, ya taɓa masu kuɗi, ya taɓa zanga-zanga, sannan ya sa Arthur ya ce shi ba ruwansa da siyasa, kuma kusan duk wanda ya kashe sai da aka fara nuna maka ya cuce shi don kar ranka ya ɓaci da yawa. Na biyunsa na 2024 ya yi ƙoƙarin juyawa ya tuhumi masu yi wa Joker tafi, wannan ma buri ne babba, amma ya faɗi warwas a kasuwa.

Kana ta dukan DC, Marvel ɗin su tsarkaka ne?

Ina! Nasu salon ne daban, su sai su ɗauko tambayar da fara'a su ajiye ta da fara'a. Captain America: Civil War ya fito shekara ɗaya da Batman v Superman da tambaya iri ɗaya, ya buɗe a Legas inda aikin Avengers ya kashe mutanen da ba ruwansu, ƙasashe 117 suka ce dole a sa musu linzami. Aƙalla su sun zauna a ɗaki sun yi musun, kowa ya faɗi hujjarsa, abin da Superman bai samu ba (duba amsar majalisa a sama). Amma faɗan ƙarshe a kan wa ya kashe iyayen Tony, wato Iron Man, ne, yarjejeniyar ta bi iska, mutanen Legas kuma sun zama dalilin tada labari kawai.

Black Panther na 2018 ya fi su kusantar abin. Killmonger, abokin gabar akta, a gidan tarihi na Landan yana tambayar baturiya yadda kakanninta suka samo kayan Afirka, saye suka yi ko ƙwace, wannan tambaya ce mai haƙori, kuma ta canza akta T'Challa da gaske tunda ya je ya gaya wa kakanninsa sun yi kuskure ya buɗe ƙasarsa Wakanda ga duniya. Ya cika ma'aunin. Sai dai da hujjar Killmonger ta fara fin ƙarfin fim ɗin sai aka sa shi ya harbe budurwarsa ya shaƙe tsohuwa don ka tuna shi ne bos, aka kuma mai da ɗan CIA mutumin kirki. Dajin Sambisa da aka nuna a farko, motoci cike da matan da aka sace, minti kaɗan ne a duhu akta ya tarwatsa 'yan bindiga aka wuce, wanda ya san abin da sunan dajin nan ke nufi a Borno zai ji an taɓa ciwo an tafi. Duk da haka shi ne fim ɗin masu alkyabba na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a Oscar, ya kuma ci uku.

Eternals na 2021 kuwa shi ne Batman v Superman ɗin Marvel. Chloé Zhao ta zo da Oscar ɗinta sabo fil, hasken rana na gaske, jarumai 10, shekara 7000, har da ɗayansu yana kuka a tokar Hiroshima yana cewa shi ya koya wa mutane fasaha. Sin ɗin bai kai ya zauna ba aka koma faɗa da dodanni.

Scorsese ya ce ba sinima bane, yana da gaskiya?

A Oktoba 2019 ya gaya wa mujallar Empire cewa finafinan Marvel sun fi kama da wurin wasan lilo, aka yi masa caa, sai ya rubuta doguwar maƙala a New York Times a Nuwamba ya yi bayani. Mutane suka riƙe kalmar farko suka bar bayanin, alhali a nan naman yake: ya ce babu abin da ke cikin haɗari a finafinan, an auna su da binciken kasuwa an gwada su a kan 'yan kallo an goge har sun zama abin da ba zai ba kowa mamaki ba, kuma sun cinye gurbin sinima har ƙananan finafinai basa samun wuri. Wannan ɓangaren gaskiya ne. Inda na rabu da shi, ya yi musu kuɗin goro, kuma da bakinsa ya ce ya gwada kallo ya kasa.

Me ke hana su zurfin, rashin basira ne?

Yawanci kuɗi ne. Fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan 250 kafin talla dole yara su iya shiga, dole ya sayu a kowace ƙasa, dole a sayar da 'yar tsana da riga, kuma dole akta ya rayu don akwai fim uku a gaba da aka riga aka sa wa rana. Batman v Superman ya tara wajen dala miliyan 870 amma aka ɗauke shi bai yi abin da ake so ba, a sati na biyu cinikinsa ya zube da kusan kashi 69 cikin ɗari, daga nan kamfanin ya tsorata ya fara sa hannu a Justice League. A Marvel kuma Edgar Wright ya bar Ant-Man a 2014, Scott Derrickson ya bar Doctor Strange na biyu a 2020, duk saɓani da kamfani. Lucrecia Martel, daraktar nan 'yar Ajantina, ta ce da aka tuntuɓe ta kan Black Widow ce mata aka yi kar ta damu da wuraren faɗa su za su ji da su. To in rabin awar ƙarshe an riga an zana ta a kwamfuta kafin darakta ya zo, ta yaya tambayarsa zata canza ƙarshen?

Akwai wanda ya yi zurfin ba tare da buga ƙirji ba?

Logan na 2017, na James Mangold. Ba a ceton duniya a cikinsa. Wolverine ya tsufa yana tuƙin motar haya, yana sayo magani a ɓoye, yana jinyar Charles Xavier wanda ya haura 90 ƙwaƙwalwarsa ta fara tafiya, ya ɗauke shi cak ya kai shi bayi tsohon yana masifa a juya masa baya. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san wannan masifar. Wani manomi ya karɓe su baƙunta suka ci abinci ana dariya, kafin gari ya waye an kashe gidan gaba ɗaya sabida su. An saka rubutunsa a takarar Oscar. Ko da yake a 2024 kamfani ya dawo da Hugh Jackman cikin rigar Wolverine duk da ya mutu a ƙarshen Logan, kaga abin da amsar kuɗi ta faɗa.

Sai Spider-Man 2 na Sam Raimi, 2004, mai launi da barkwanci, ba wanda ya ce falsafa yake. Peter, wato Spider-Man, an kore shi daga aikin kai abinci, mai gida na binsa kuɗin haya, Anti May banki na shirin karɓe mata gida amma ta damƙa masa dala 20 na ranar haihuwarsa tana kuka tana cewa ya karɓa. Daga baya ya zauna ya gaya mata gaskiya, cewa shi ya bar ɓarawon da ya kashe mijinta ya wuce. Ta zare hannunta daga nasa ta tashi ta hau sama. Tambayar fim ɗin, nawa kirki ke ci wa mutum, ana biyanta a kowane sin, da haya da aiki da budurwa.

Watchmen fa, ai littafin kowa ya yarda yana da zurfi?

Shi ne gwajin da ya fi nuna bambancin, tunda labari ɗaya ne a hannu biyu. Alan Moore da Dave Gibbons sun yi komik ɗin a 1986 zuwa 1987 don su nuna cewa mutumin da zai sa abin rufe fuska ya fita dukan mutane da dare akwai abin da ke damunsa. Snyder a 2009 ya kwafi hotunan kusan shafi da shafi, da ƙauna sosai, amma kyamararsa bata iya ganin naushi ta ƙi mayar da shi abin burgewa, sai ga mutanen da littafin ya nuna a matsayin abin tausayi suna karya ƙasusuwa a lungu cikin salo kana jin daɗi. Kalmomin suna tir, hoton yana tafi. Moore dama ya ƙi a sa sunansa. Shirin HBO na 2019 bai kwafi shafi ko ɗaya ba, ya buɗe da kisan kiyashin baƙaƙen fata na Tulsa a 1921, kuma shi ya fi kama ruhin littafin.

In zan kalla in yanke wa kaina hukunci, wanne zan nema?

In ka je wurin mai turi ka duba tsawon fim ɗin kafin ka biya, don suna ɗaya ne amma kaya biyu ne. Batman v Superman na sinima minti 151 ne, Ultimate Edition kuma 182, shi zaka nema, ƙarin rabin awar ya gyara makircin Lex da abin da ya faru a Afirka ya kuma nuna Clark yana aikin jarida, ko da yake bam ɗin majalisa yana nan inda yake. Justice League in ka ga 120 na Whedon ne, na Snyder 242 ne kuma hotonsa kusan murabba'i ne da baƙi a gefe da gefe, ba wayarka ce ta lalace ba haka ya so shi, an raba shi kashi 6 da rufewa don haka zaka iya yi masa zama biyu ko uku. Man of Steel ka fara da shi, in ba haka ba ƙurar da ke farkon Batman v Superman ba zata yi maka ma'ana ba.